Ina ake samun zaman masu ƙoƙarin barin giya a Gusau?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya daɗe yana shan giya a ɓoye, yanzu da bakinsa ya ce yana son dainawa. An yi nasiha, sai ya yi sati guda ya koma. Na ji ana cewa masu irin wannan lalura kan zauna su ƙarfafa wa juna. Ina ake samun zaman a Gusau, kuma yaya zai shiga asirinsa a rufe?

Maman Hafsat:
Wa alaikumus salam. Kafin maganar zama, tambaye shi abu ɗaya: in ya wayi gari bai sha ba, hannunsa na rawa? Yana gumi, tashin zuciya, barci ya ƙi? In haka ne, kada ya yanke sha rana ɗaya a gida. Jikin da ya saba yakan fara bore awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, cikin kwana biyun farko jijjiga na iya zuwa, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu kan ruɗe, zuciya na dukan uku-uku, suna ganin abin da babu. Nan ne 'yan gida ke cewa iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali wannan matakin yana kisa.

A kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin tarayya, wato FMC Gusau. In sai an kwantar da shi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Likita kan ba da diazepam yana ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Don Allah kada a sayo diazepam a kemis, in ya haɗu da giya numfashi yake dannewa.

Malam Bature:
Gaskiyar Hajiya. Batun zama kuwa, tunda shari'a ta fara aiki a Zamfara a 2000 giya laifi ce, don haka kada ka sa ran ganin allo a ƙofa. Ta bakin ma'aikata ake bi. Ranar ganin likita ka nemi jami'in walwala ko nas ɗin sashen, ka tambaya kai tsaye ko akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama. Ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, na jiha ma yana da masu ba da shawara, kuma hukumar na da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040.

Abin da zai iya farawa yau shi ne na intanet. Alcoholics Anonymous, wato AA, da aka kafa a Amurka a 1935, tana da zama ta Zoom kusan kowane lokaci. Ba kuɗin rajista, sharaɗin kawai mutum ya so daina sha. Sunan farko ake faɗa, ya kashe kyamara, ya sa abin ji a kunne, in ya ga dama ya saurara kawai. Zaman iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kai ma kana iya shiga, da rufaffe na masu lalurar kaɗai. Yawanci awa guda ne, da Turanci. A lura da agogo, gabashin Amurka na bayanmu da awa 5 ko 6. In yana son wanda aka gina kan Musulunci, ya nemi Millati Islami, da aka kafa a birnin Baltimore na Amurka a 1989. Ya gwada wurare daban-daban kafin ya ce bai yi masa ba, kowane da halin mutanensa. Bayan 'yan makonni ya roƙi wani da ya daɗe da dainawa ya zama madogararsa, wanda zai kira in sha'awa ta taso da dare.

Ɗan Tudun Wada:
Allah Ya saka da alheri. Sai dai Turancinsa ba ƙarfi, Malam.

Baba Na Kwatarkwashi:
To ɗana, a kafa na Hausa. A tsarin AA mutum biyu ko uku sun isa. Ma'aikacin asibiti ne zai haɗa su da yardar kowa, ba kai za ka bi unguwa kana tambaya ba. Rana ɗaya tsayayya a mako, bayan La'asar misali, a ɗakin da shigarsa ba ta jawo ido. Kowa ya yi minti biyar kan abin da ya fuskanta a makon, ba katsewa, ba gyara wa wani zance, ba rubuta suna.

Abin da ke rusa irin wannan zama na farko shi ne ya koma wa'azi: babba ɗaya ya riƙe magana, wanda ya zame ya sha jiya kunya ta hana shi dawowa, alhali shi ya fi kowa bukatar kujerar. Sai rancen kuɗi tsakanin juna. Guruf ɗin WhatsApp kuma yana nuna lambar kowa, gara a riƙa sanarwa ɗaya-ɗaya. Kai ma kada ka zauna ciki, gaban yayansa ba zai buɗe baki ba. 'Yan uwa suna da nasu, Al-Anon.

In wani ya kawo shawarar gidan mari, a ƙi. Irin su 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, kuma mai jijjigar barin giya likita yake bukata a kusa.