"An kashe maciji ba a sare kansa ba": macijin ya mutu ko da sauran ransa?

Uwar Littafi:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta haɗa ni da yayana, na ce bari in kawo ta gaban manya. Na gama karanta wani littafi na tsafi da sarauta, irin labaran nan na duniyar da babu ita. Mugun labarin waziri ne, matsafi, wanda ya mallake sarki, ya ɗaure ƙasar da sihiri har tsuntsaye suka daina kuka a cikinta. A ƙarshe jarumar ta soke shi da mashi a kan gada, ya faɗa kogi, ruwa ya tafi da shi. Washegari aka tsinci alkyabbarsa jina-jina a bakin gaɓa, gawa kuwa ko sama ko ƙasa. Aka yi ta shagali.

To amma tun farkon littafin an gaya mana cewa ranar da matsafi ya mutu, duk ƙullin da ya yi yakan warware da kansa. Ni kuma na karanta babin ƙarshe sau uku, ban ga inda tsuntsu ko ɗaya ya yi kuka ba. Sai na ce wa yayana, ai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, wazirin nan yana nan da ransa. Ya ce na ɓata karin magana, wai tunda aka ce "an kashe", macijin ya riga ya mutu, ba a kawo ta ga wanda ake zaton bai mutu ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Gajere:
Yayanki neman magana kawai yake yi. Haka kowa yake faɗinta.

Malam Dattijo:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yayanki ya doshi gaskiya amma bai ƙarasa ba. Ita wannan magana ba labarin maciji take bayarwa ba, faɗa take yi wa mai sanda. Mutum ne ya fara aiki, ya ga alamar nasara, ya ajiye sandarsa ya tafi. An kori ƙaramin ma'aikaci mai karɓar na goro, an bar wanda ake kai wa kaso a sama. Ko mara lafiya ya fara shan magani, da ya ji zazzaɓi ya sauka sai ya jefar da sauran. A irin wannan wuri ake kawo ta. "An kashe" ɗin nan da yayanki ya riƙe, abin da mai sandan yake gaya wa kansa ne, ba shaidar likita ba ce.

Saboda haka idan jarumar kike zargi da sakaci, don ta tsaya rawa maimakon ta bi kogi ta nemo gawa, kin kawo magana a muhallinta. Idan kuwa wayon wazirin kike son faɗa, cewa shi ya shirya a ɗauka ya mutu, to wannan likimo ake ce masa. Abu biyu ne.

Gajere:
Malam, ba sai a ce gawa ta ƙi rami ba?

Malam Dattijo:
A'a ɗana. Wannan ana faɗinta ne ga wanda yake gaban idon kowa, tsufa ko ciwo ya cinye shi, an fid da rai amma yana nan yana numfashi. Babu ɓoyo a cikinta. Kuma magana ce mai ɗaci, kada ka saba bakinka da ita.

Likitar Dabbobi:
Malam ya gafarta, bari in shigo ta ɓangaren aikina, don waɗanda suka ƙirƙiri maganar nan sun san maciji sosai. Maciji ba kamar akuya ba ne. Jikinsa ba ya buƙatar iska mai yawa kamar namu, don haka jijiyoyinsa sukan daɗe suna aiki bayan an yi masa dukan da kowa zai rantse ya mutu. Yana kwance shame-shame, ka kai hannu, ya kai sara. Wasu ma da gangan suke yi. Akwai wani a Afirka ta Kudu, dangin gamsheƙa mai tofi, idan ya ga ba mafita sai ya birkice ya buɗe baki kamar mushe. Akwai wani kuma a Amurka mai ɗagaggen hanci, shi har abin dariya ne: yakan kwanta rigingine ya zaro harshe, idan ka juya shi ya koma kan cikinsa sai ya sake mirginawa rigingine, wai shi a dole matacce.

Abin da zai ba ku mamaki, sare kan ma ba shi ne ƙarshe ba. A 2018 a jihar Teksas wani mutum ya sare kan maciji da shebur a bayan gidansa, da ya sunkuya zai ɗauke kan ya jefar, sai guntulallen kan ya sare shi a hannu. Sai da aka yi masa allurar maganin dafi har 26 kafin ya tsira. Shi ya sa ni a wurina macijin karin maganar nan bai mutu ba kuma bai rayu ba, yana tsakani, kuma a nan tsakanin ake cutuwa.

Uwar Littafi:
Likita kin biya ni. Yaya, kana ina?

Yayan Uwar Littafi:
Ina nan, ina jin ku. Ƙanwata ta kawo ƙara ta rage rabin bayani. Ban ce babu sauran matsala a ƙasar ba, cewa na yi wazirin ya mutu. An soke mutum da mashi a ƙirji, ya faɗa ruwa daga kan gada, me kuma ake nema? Zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Shi wazirin yana da almajirai bakwai a littafin, uku kaɗai aka kama. Wa ya ce shi kaɗai ya ƙulla sihirin tsuntsayen? Idan ma za a kawo karin maganar, to wazirin shi ne gangar jikin da aka kashe, kan da aka bari kuwa almajiran nan ne da littattafan tsafinsa. Kun ga ta zauna daram ba tare da an tayar da matacce ba.

Malam Dattijo:
To ka ga yanzu kai ma ka kawo ta, bayan ka ce an ɓata ta. Amma wannan fassara taka tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sau da yawa abin da muke ɗauka kai ne, wutsiya ce. Sai dai ka lura, a al'adar magana kai shi ne shugaba. Da wuya Bahaushe ya kira yaran gida "kai" alhali maigidan ne aka kashe. Da ni ne kai, da tsugune ba ta ƙare ba zan ce, ko in ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan almajiran kake nufi.

Mai Tsohon Kundi:
Ni abin da ya ja hankalina rashin gawar ne. Marubuta sun daɗe da sanin wannan ƙofa. A 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, sai ya haɗa shi kokawa da babban abokin gabarsa Moriarty a bakin magangarar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Suwizalan. Abokinsa ya zo bai tarar da kowa ba, sai sanda da wasiƙa da sawun ƙafa da suka nufi bakin rami ba su dawo ba. Masu karatu suka yi ta ƙorafi. A 1903 ya dawo da Holmes, ya ce ai tun farko bai faɗa ba. Da ya nuna gawa, da ya rufe wa kansa hanya.

Amma Uwar Littafi kada ki yi saurin murna. A wannan labarin mugun ne ya faɗa, shi ma ba a ga gawarsa ba, kuma bai sake dawowa ba. Rashin gawa ƙofa ce a buɗe, ba dole ba ne wani ya shigo ta cikinta. Wani lokaci marubucin kansa bai yanke shawara ba, yana jira ya ga ko littafin zai karɓu.

Yayan Uwar Littafi:
Allah ya saka da alheri. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Uwar Littafi:
Ba shi kake faɗa ba Yaya, kai cewa ka yi ya mutu murus. Kuma ba a kan gawa kaɗai na tsaya ba. Marubucin da ya ɓata shafi guda yana bayanin cewa sihiri yana mutuwa tare da mai shi, sannan ya rufe littafi da safiya shiru babu kukan tsuntsu, ba mantuwa ya yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Har ya rubuta cewa jarumar ta tsaya a taga tana saurare. Sauraren me?

Mai Tsohon Kundi:
Wannan hujja ta fi ta gawa nauyi, na yarda. Kuma matsafi a irin waɗannan labarai ba kasafai yake yawo da ransa a jikinsa ba. A tatsuniyoyin Rashawa akwai wani mugun tsoho, Koshei, wanda ajalinsa yake cikin allura, allurar a cikin ƙwai, ƙwan a cikin agwagwa, agwagwar a cikin zomo, zomon a cikin akwati da aka binne a gindin bishiya a wani tsibiri. Ko ka soke shi sau ɗari a banza, sai ka fasa ƙwan nan. Girkawa kuma suna da macijiya Haidira, wadda in an sare kai ɗaya biyu suke fitowa, sai da aka riƙa ƙona wurin saran da wuta kafin aka ga bayanta. Wato mai karin maganarmu ya ce a sare kai, amma bai gaya mana inda kan yake ba. Ki koma littafin ki duba ko akwai wani abu da wazirin ba ya bari a taɓa.

Likitar Dabbobi:
Kuma dai wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Mu masu karatu an sha yaudararmu da irin wannan mutuwa, har mun daina yarda da kowace. Kwanaki na karanta wani da aka binne mugun a gaban jama'a, amma har shafin ƙarshe ina jiran ya fito.

Gajere:
Ni dai har yanzu ban ji an raba gardama ba. Ta ɓata karin maganar ko ba ta ɓata ba?

Malam Dattijo:
Ba ta ɓata ba, ta dai ɗora mata kayan da ba nata ba. Karin maganar ta isa ta ce jarumar ta bar aiki a rabi. Ba ta isa ta shaidi cewa wazirin yana numfashi ba, wannan sai tsuntsayen.

Uwar Littafi:
Na karɓa, Malam. Mai Tsohon Kundi, na duba. Akwai wani keji rufe da baƙin ƙyalle a ɗakin wazirin, an ambace shi sau biyu, ya taɓa marin bawa don ya matsa kusa da shi. Da aka shiga ɗakin bayan faɗan gada an lissafa duk abin da aka samu, babu keji a ciki.

Yayan Uwar Littafi:
Almajiran ne suka ɗauke. Kawo mini littafin in gani, shafi na nawa ne?