Wata Takwas Ƙofa a Kulle: Musayar Baitoci Kan Yajin Aikin ASUU

Baban Ɗalibai: Salamu alaikum. Ga nawa kan yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba. Malaman jami'a da ke cikinmu, da baiti nake son amsa, ban da dogon turanci.

Malam, ina son in ji amsa,
Kan rufe ƙofar makaranta.

Na sai da geron damina,
Na biya wa 'yata kuɗinta.

Ba ta gama kwance jaka ba,
Aka ce su koma su huta.

Kuɗin haya na shekara guda,
Ɗaki a kulle, ƙura ta kwanta.

Ranar da ta koma Samaru,
Mai gida ya ce a sabunta.

Shekarar korona wata tara,
Ga takwas, wa zai lissafta?

Faɗanku ne da gwamnati,
Don me talaka ake cuta?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka.

Alhaji, na ji kukanka,
Ban ce ba ka da gaskiya ba.

Yarjejeniyar 2009 ce,
Har lokacin ba a cika ta ba.

Gwamnati da kanta ta sa hannu,
Ba mu muka murɗe mata wuya ba.

Leƙa ɗakin lacca da safe,
Rabin aji bai sami kujera ba.

Ɗakin gwaji ba ruwa ba wuta,
Yaro bai taɓa kayan aiki ba.

Tsarin albashi na IPPIS ya yanke haƙƙinmu,
Mun kawo namu, UTAS, ba su karɓa ba.

Suka ce ba aiki ba albashi,
Har aka janye ban ga ko sisi ba.

Nawa 'ya'yan ma an koro su,
Don ban biya kuɗin zango ba.

Motar da ka san ni da ita,
Na kai dillali, ba ta dawo ba.

Inna Mai Tuwo: Ku matsa, 'ya'yana, in sa baki. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta min.

Kuna musu ku biyu tun ɗazu,
Kun manta da mai abinci.

Ba ni cikin ƙungiyar kowa,
Amma ni na fara shan ɗaci.

Tukunyata ɗalibai ke cinyewa,
Da suka tafi sai ta yi barci.

Ɗan acaba da mai hoton takardu,
Da mai wanki, duk muna ƙunci.

Ku in an shirya a ba ku ariya,
Ni wa zai biya min lokaci?

Ɗan Ajin Ƙarshe: Inna, wallahi kin taɓo inda yake min ciwo. Malam, a gafarce ni, ba raini ba ne.

Digirin shekara huɗu na nema,
Ga ta shida tana wucewa.

Talatin ke hana bautar ƙasa,
Kullum shekaruna suna matsowa.

Sa'ana da ke jami'ar kuɗi,
Ya gama, har yana koyarwa.

'Ya'yan manya suna Ingila,
Hotonsu a Facebook muke dubawa.

Wasu sun tare hanyar Legas,
Mu muna gida muna hamma da yunwa.

Ƙawar ajinmu an ɗaura mata aure,
Mijin ya ce babu komawa.

Na koyi ɗinki a Sabon Gari,
Shi ne kaɗai abin nunawa.

Baban Ɗalibai: To Malam, ka ji. Yanzu faɗa mana, bayan duk wannan, me aka samo?

Malam Mai Alli:

Alhaji, tambayar ta yi nauyi,
Amma ba zan ɓoye maka ba.

Kotun ma'aikata ta ce mu koma,
Ba don an biya buƙata ba.

Ministan ƙwadago Ngige ya yi wa ƙungiyar CONUA rajista,
Kishiya ce, ba mu nema ba.

Albashin Oktoba da ya fito,
Rabi ne, bai cika aljihu ba.

Muka matse zango muka yi sauri,
Wasu darussan ba a kai ƙarshe ba.

Abokan aiki sun bar ƙasar,
Ofishinsu ba a cike gurbi ba.

Ɗana, ka riƙe keken ɗinkin,
Ni ma ban raina sana'a ba.

Inna Mai Tuwo: Malam, kafin ka tafi.

Na ji Tinubu ya sakar muku
Albashin wata huɗu, an sami sassauci.

Tuwon da yaranka suka ɗauka,
Na bayar ne saboda mutunci.

Littafin bashi na nan a ajiye,
Ka biyo gobe, kar ka yi barci.

Malam Mai Alli: Inna, a raba min shi biyu, yadda aka raba mana.