An ce Antoni Janar zai karɓe shari'ar ƙanena: in karɓi sulhu ko in ci gaba?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai da suka wuce yaran wani ɗan siyasa suka sari ƙanena a hannu ranar taron jam'iyya, yana zaune a shagonsa na cajin waya, ba ya cikin taron ma. Yatsu biyu sun daina motsi. An kama uku, an kai su kotun majistare, yanzu an ce fayil yana ma'aikatar shari'a, kuma ana raɗe-raɗin Antoni Janar na jiha zai karɓe ƙarar. Shi da maigidan yaran jam'iyyarsu ɗaya. Jiya dattawan unguwa suka zo da tayin naira dubu 800 a bar magana, sun ba ni zuwa Juma'a. Asibiti kaɗai ya ci fiye da rabin haka. In karɓa, ko in ɗauki lauya? Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Kantin Kwari: Allah ya ba shi lafiya. Ka koma wurin DPO kawai.

Abban Sadiq: Malam ai na ce fayil ya bar hannun 'yan sanda.

Barista Ƙarami: Yana da ikon karɓewa. Sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha dama ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓi wadda wani ya shigar, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. Na tarayya kuma sashe na 174. Tun shari'ar Ilori ta 1983 Kotun Ƙoli ta ce ba huruminta ba ne ta tuhume shi kan dalilin janyewa. Amma abu biyu: janyewa ba wankewa ba ce, ana iya sake kamo su. Kuma ikonsa bai taɓa ƙarar neman diyya da kai za ka shigar da kanka ba.

Maman Walida: Barista kana maganar littafi ne. Ni na gani da idona. Yayana aka kashe a gona kan rikicin fili, shekara shida ke nan. Shekara biyu muna zarya babbar kotu, mahaifiyarmu da ciwon ƙafa take hawa benen nan, ni ke riƙe mata jaka da butar ruwa. Shaidu uku sun riga sun yi magana. Ran nan lauyar gwamnati ta miƙe da takarda ɗaya tal, ko kallon inda muke ba ta yi ba, ta karanta abin da bai kai minti biyu ba. Alƙali ya rufe littafinsa ya ce an sallame su. Hajiya mahaifiyarmu ta juyo tana tambayata wai an ɗaga ne zuwa yaushe? Wallahi na rasa bakin da zan gaya mata. A bakin ƙofa lauyar ta riƙe hannuna ta ce min, ki yi haƙuri, daga sama ne. Wanda ake zargin yanzu haka yana gaisawa da mutane a masallacin Juma'a. Hajiya ta rasu bara, har ta koma ga Allah tana cewa a je a duba ko an sa rana.

Abban Sadiq: Innalillahi. Allah ya jiƙansu, ya bi muku hakkinku.

Maman Walida: Amin ƙanena. Karɓi kuɗin ka yi wa yaro magani. Mu ko sisi ba mu gani ba.

Na Zongo Kumasi: Mu ma nan Ghana mutum ɗaya ne Antoni Janar kuma ministan shari'a. Aka kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman don cin hanci, Martin Amidu ya riƙe, a Nuwamban 2020 ya ajiye aiki yana cewa ana yi masa katsalandan. To ko an raba kujerar, wa ke naɗawa?

Barista Ƙarami: Duk da haka rabawar ta fi. Kenya sun ware ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararrakin laifi, daga na Antoni Janar a tsarin mulkinsu na 2010. Mu ma majalisa ta amince a raba, Jonathan ya ƙi sa hannu a 2015. Mutumin da gwamna ya naɗa, yake zama a majalisar zartarwarsa, kuma zai iya korarsa da sanarwa ɗaya, ta yaya zai gurfanar da yaran gidan?

Ɗan Kantin Kwari: Lauyan da zai zauna ya sa maka ido a kotu dubu 150 na biya.

Ummu Hanif: A wace shekara? Mu dubu 500 aka nema, ban da kuɗin mota duk zama.

Alhaji Tsoho Soja: Ni kyauta wani yaron kirki ya yi min. Ku daina tsorata bawan Allah. Kuma kai Barista, shekara nawa ka yi da fara sa baƙar riga? Wadda ta binne ɗan uwanta ta fi ka sanin kotu.

Barista Ƙarami: Baba ban musa mata ba. Amma fayil ɗinsa ba a janye ba tukuna, raɗe-raɗi ne. In ya sa hannu a takardar sulhu yau, ya ba su hujjar janyewa da kansa.

Ɗan Kantin Kwari: Abban Sadiq shawara mafi sauƙi, ka yanki katin jam'iyyarsu, gobe fayil zai fito da gudu har da rakiyar jiniya 😂

Ummu Hanif: Kai dai ba ka da dama. Amma ku dubi ɗaya gefen. Waɗancan yaran uku suna gida a kan beli. Ɗan maƙwabciyata an kama shi kan zargin fashi, shekara uku yana gidan yari yana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, ko sau ɗaya ba a karanta masa tuhuma a babbar kotu ba. Uwar ƙosai take sayarwa, duk Asabar take kai masa garin kwaki da sabulu.

Alhaji Tsoho Soja: Ai kun tuna yaran zanga-zangar Agusta da suka faɗi a kotun tarayya a Abuja, Nuwamban 2024. Sai da duniya ta ga bidiyo, shugaban ƙasa ya ba da umarni, sannan Antoni Janar na tarayya Fagbemi ya janye tuhumar. Alheri ne, amma me ya sa sai an jira umarni?

Abban Sadiq: Jama'a Juma'a fa jibi ce. In na karɓi kuɗin a matsayin na magani ba tare da na sa hannu ba, hakan zai ɓata ƙarar?

Ummu Hanif: Barista don Allah duba saƙonka, na turo maka lambar fayil ɗin ɗan maƙwabciyar tawa.