Finafinan shari'ar masu kisan ɗauki ɗai-ɗai: ina suke kauce wa gaskiya?

Ɗan Jekadafari: Salamu alaikum. Masana shari'a, a finafinan nan ana kama mai kisan ɗauki ɗai-ɗai, lauya ya fito da hujjar ba-zata, cikin sati guda an yanke hukunci. Haka abin yake a kotunanmu?

Barista, Tudun Wada: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina! Mutum 12 da ake jerawa su ce "ya aikata" tsarin Amurka da Ingila ne. A nan Najeriya alƙalin babbar kotu shi kaɗai ke auna shaida. Kafin a kai gabansa ma, 'yan sanda kan gurfanar da mutum a kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraren kisan kai. Sai ta tura shi gidan gyaran hali, fayil ya wuce ma'aikatar shari'a neman shawarar daraktan gabatar da ƙara. Nan ne ake shan watanni, kuma fim ba ya nunawa. Hujjar ba-zata kuwa, tun farko ake miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma jerin shaidu da bayanansu.

Malama Mai Alli: Barista, ƙara da ikirari. A fim da zarar wanda ake tuhuma ya amsa laifi, shi ke nan. Alhali sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar ikirarin da aka samu da tursasawa. In ya ce dukansa aka yi, sai a tsayar da babbar shari'a a buɗe ƙarama don tantance ko tursasa shi aka yi, a kira ɗan sandan da ya rubuta bayanin. In an yi masa canjin wurin aiki, sai ɗagewa bayan ɗagewa.

Likita, Bauchi: Ni abin da ya fi ba ni haushi gawa ce. Mu da an rasu da safe, kafin azahar an kai makwanci, dangi kuma ba sa son a yanka mamacinsu. Ba rahoton binciken gawa, jama'a sun tattake wurin, wuƙar ta bi hannu biyar kafin a sa ta a leda. Da me za a ɗaure kisa na uku da na farko? Shi ya sa masu gabatar da ƙara ke zaɓar kisan da hujjarsa ta tsaya. Harold Shipman, likitan nan na Ingila, kisan mutum 15 aka same shi da shi a 2000, bincike daga baya ya gano sama da 200.

Barista, Tudun Wada: Haka ne, Likita. Ko an yanke hukuncin kisa a sashe na 221 na kundin Penal Code (dokar hukunta laifuka ta Arewa), akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, akwai Kotun Ƙoli, sannan sai gwamna ya sa hannu, abin da gwamnoni ke ja da baya a kai.