PADI ko SSI? A ba ni shawara kafin in yi rajista

Rabi'atu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Na daɗe ina son koyon nutso da tukunyar iska, sai yanzu Allah Ya nufa. Makarantu biyu na tuntuɓa, ɗaya katin shaidar PADI take bayarwa, ɗaya na SSI, wato ƙungiyoyi biyu masu tsara koyar da nutso. Wanne ne ba za a ƙi karɓa ba idan na je wata ƙasa? Na iya iyo, amma ba can ba.

Sagir: Wa alaikumus salam. Duk wanda kika ɗauka za a karɓa, Anti. Dukansu a Amurka aka kafa su, PADI a 1966, SSI a 1970, kuma ƙa'ida ɗaya suke bi a matakin farko: karatu, sai atisaye a kwamin wanka, sai nutso huɗu a teku ko tafki. Katin yana ba ki damar sauka mita 18 tare da abokiyar nutso, kuma ba ya ƙarewa. Ni dai PADI zan ce, don ta fi kowace yaɗuwa.

Malam Habu: Rabi'atu, kin fara da tambayar kati, ni kuwa da tambayar malami zan fara. Ƙungiya ba ta shiga ruwa da ke, mutum ne zai shiga. Ki roƙi kowace makaranta ta bar ki ki zauna a bakin kwami ki kalli darasi ɗaya, gani ya kori ji. Ki ƙirga ɗalibai nawa ke hannun malami guda. Ki lura da abin da yake yi idan ruwa ya cika wa ɗalibi gilashin fuska ya firgita ya yunƙura zai yi sama. Malamin kirki zai riƙe shi, ya dube shi ido da ido, ya yi masa alama da hannu ya ja numfashi a hankali, sannan su sake, su kuma sake, har sai ɗalibin ya iya hura iska ta hanci ya kore ruwan ba tare da gabansa ya faɗi ba. Wanda ke sauri, da an yi sau ɗaya zai sa hannu a takarda a wuce.

Ki kuma duba ko a durƙushe a ƙasan kwami ake koya musu komai. Gara wanda zai koya miki tsayuwa a tsakiyar ruwa tun da wuri, ba ki nutse ba, ba ki taso ba. Wanda bai iya wannan ba shi ke tattaka murjani yana tayar da laka.

Hajiya Bilki: Malam ya gama magana, amma kada a ce babu bambanci ko kaɗan. Malamin SSI dole ya kasance ƙarƙashin wata cibiya, na PADI kuwa yana iya koyarwa shi kaɗai. Sannan duniya ba su biyu ba ne. Akwai NAUI, akwai CMAS da aka kafa a Monako a 1959, Jacques Cousteau, shahararren mai binciken teku ɗan Faransa, shi ne shugabanta na farko, matakanta da taurari ake ƙirga su. Akwai BSAC ta Birtaniya tun 1953. Waɗannan biyun na ƙarshe galibi a kulob ake koyo, a hankali, makonni ko watanni, kuma kina gamawa kin riga kin yi abokan nutso. Ni a kulob na koya, shi ya sa nake yaba shi. In kuwa hutun mako ɗaya gare ki, ba zai yi miki ba.

Sagir: Hajiya, matsalar kulob ɗin sai in akwai shi kusa da mutum.

Hajiya Bilki: Gaskiya ne, ɗana.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai. To idan na fara da ɗaya, na ɗaure kaina ke nan? Kuma maganar iyon fa?

Nura: A'a, Yaya. Kina iya yin matakin farko a SSI ki yi na gaba a PADI, wanda ke kai mutum mita 30. Sai mai son zama malami ne ya kamata ya tsaya ya zaɓa da kyau. Gwajin iyo kuma mita 200 ne ba tsayawa, ba a duba agogo, sai zama a saman ruwa minti 10. Ki fara atisaye tun yanzu. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: nutson gwaji na yini ɗaya da ake yi wa masu yawon buɗe ido ba ya ba da katin shaida, kada ki ɗauka shi ne kwas ɗin.

Malam Habu: Nura ya tuna mini da takardar lafiya. Duk makarantar da ba ta miƙo miki ita ba kafin ki taɓa ruwa, ki juya. Mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya sa hannu, mai juna biyu kuwa ba ta nutso. Ki kuma tambayi malamin dalilin da ya sa ba a riƙe numfashi yayin nutso. A zurfin mita 10 matsin da ke kanki ya ninka na sama, don haka iskar da kika shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu kafin ki iso sama, tana iya yi wa huhu rauni. Idan ya bayyana miki wannan da haƙuri har kika gane, kin samu malami. Kuma ki bar aƙalla awa 18 tsakanin nutsonki na ƙarshe da hawa jirgin sama.

Rabi'atu: Allah Ya saka da alheri, Malam. Na kira su duka biyun, ɗaya ta ce in zo in kalli darasi, ɗayar ta ce ba a barin baƙo. Zan je wadda ta yarda.

Malam Habu: Allah Ya ba da sa'a. In kin je ki duba tiyon numfashin da suke ba ɗalibai, ko robar bakin ta tsage.