Neman kalma: me za mu kira "inkonkulusib" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema yau, don haka duk mai hular jam'iyya ya cire ta ya ajiye bakin ƙofa kafin ya shigo.

Kalmar ita ce wadda Bature ke cewa inconclusive, mu kuma bakinmu ya murɗe ta ta koma inkonkulusib. Tun 2019 take yawo a Sakkwato, har ta bar filin zaɓe ta shiga gidaje. Baikon da aka ɗaga inkonkulusib ne, ginin da ya tsaya a linta inkonkulusib ne. Dariya muke yi, amma da yawanmu ba za su iya faɗin abin da take nufi a wurin zaɓe ba.

Bayan zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris 2019 na shiga gida can Mabera, na iske Inna zaune kan tabarma, rediyo jingine da tulu, tawadar zaɓe ba ta ko goge daga farcenta ba. Ta ce, "Kai, wa yac ci?" Na ce, "Inna, inkonkulusib ne." Ta yi shiru, can ta ce, "Shi kau wanga ɗan wane gari na? Ban ji shi ba wurin kamfe." Na fi minti goma ina kame-kame, daga ƙarshe na ce mata za a yi zagaye na biyu. Ban gane ƙarya na shirga mata ba sai daga baya.

Ga abin da ya faru a lissafi. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya samu ƙuri'a 489,558, Ahmed Aliyu na APC ya samu 486,145. Ratar da ke tsakaninsu 3,413. Amma an soke zaɓe a wasu rumfuna da masu rajista a cikinsu suka kai 75,403. Ƙa'idar INEC ita ce, idan mutanen rumfunan da aka soke sun fi ratar yawa, baturen zaɓe ba zai ce wane ya ci ba, domin in waɗannan mutane suka jefa tasu, na baya yana iya wuce na gaba. Abin da ke sa a soke rumfa kuwa sananne ne: an fasa akwati ko an gudu da shi, rikici ya hana zaɓe, kaya ba su iso ba, ko aringizo. A dokar zaɓe ta 2022 aringizo shi ne ƙuri'un da ke akwati su fi adadin mutanen da aka tantance, kuma a zaɓen 2023 katunan zaɓen da masu su suka karɓa a rumfar aka riƙa gwadawa da ratar, maimakon duk sunayen da ke rajista.

Shi ke nan ma'anarta. Ba a yi kunnen doki ba, ba a rushe zaɓe ba. Abin da aka ƙirga yana nan a rubuce, akwai dai sauran rina a kaba.

Da na fara tunanin kalmar sai na ga ashe abu biyu muke cusawa cikin buhu guda. Akwai halin da zaɓen ya shiga, akwai kuma ɗan zaɓen da ake komawa a yi a rumfunan da aka soke. Mu duka biyun inkonkulusib muke ce musu, har za ka ji mutum ya ce "ran Asabar za a yi inkonkulusib". Saboda haka kalma biyu nake nema. Kafafen labarai suna cewa "zaɓen da bai kammala ba", kuma ba laifi, sai dai jimla ce sukutum, ba ta shiga bakin mai shayi. Ku kawo naku.

*

To, madalla, sharhi ya taru fiye da yadda na zata. Zan bi su yadda suka zo mini, wanda na tsallake ya yi haƙuri.

Mafi yawanku "zagaye na biyu" kuka ce, kamar yadda na faɗa wa Inna. A nan zan daɗe, don ita ce ta fi ɓatar da mutane. Zagaye na biyu yana da nasa gidan. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu saninsa, duk mai zuwa Ƙonni ta Illela ya ji labari. A zaɓen shugaban ƙasarsu na 27 ga Disamba 2020 ba wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai aka ware biyun da ke gaba, Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, ƙasa duka ta sake fitowa ranar 21 ga Fabrairu 2021. Allo aka wanke tas, kowa ya fara daga sifiri. Tsarin Faransa ne suka gada.

Namu ba a wanke allo. Ranar 23 ga Maris 2019 aka koma rumfunan da aka soke kaɗai, aka ɗora abin da aka samu a kan na farko. Jimillar ƙarshe: Tambuwal 512,002, Ahmed Aliyu 511,660, rata 342. Yanzu ku ɗauki biro ku cire. A ranar 23 ɗin Tambuwal 22,444 ya ƙara, Ahmed Aliyu kuwa 25,515. Wato da zagaye na biyu ne irin na Nijar, a ce ƙuri'un ranar kaɗai za a duba, da wanda aka ce ya faɗi shi ne ya ci. Kun ga inda kalma take iya haɗa faɗa a majalisar hira? Mutum ya ji an ce zagaye na biyu, ya ji ɗan takararsa ya fi yawa a ranar, sannan ya ji an ce ɗayan ya ci. Me kake so ya ɗauka in ba an yi masa fashi ba?

Kuma mu ma muna da zagaye na biyu na gaskiya a tsarin mulkinmu, ajiye yake kamar rigar salla. Sashe na 179 ya ce ba yawan ƙuri'a kaɗai ke ba mutum kujerar gwamna ba, sai ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Sakkwato 23 gare ta, kashi biyu cikin ukunsu 15 da sulusi ke nan, mai son barci da minshari ya nemi 16. In ba wanda ya cika wannan sharaɗi, sai a sake karawa tsakanin mutum biyu. To idan muka ba inkonkulusib wannan suna, ranar da mai sunan ya iso me za mu kira shi?

Wannan lissafin sulusi ma ba baƙo ba ne a gare mu. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya samu rubu'i a 12, a Kano kuwa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Awolowo, abokin takararsa, ya ce sai 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai 12 ne da sulusi biyu, saboda haka sulusi biyu na ƙuri'un Kano za a duba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari ranar 26 ga Satumba 1979. Na ratse, mu koma.

Kawu, ranka shi daɗe, na ga taka: "zaɓen cike gurbi". Gurbi kujera ce da mai ita ya bari, ya rasu ko ya yi murabus ko an yi masa kiranye. A can an riga an yi zaɓe, an rantsar, sannan wuri ya buɗe. A nan kuwa ba wanda ya zauna tukuna balle ya tashi.

"Sake zaɓe" ma da mai ita. Ita ce ta 2008, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta rushe zaɓen Aliyu Magatakarda Wamakko, shugaban majalisar jiha ya riƙe kujerar, aka sake fitowa jiha duka a watan Mayu, Wamakko ya koma. "Raba gardama" kuma an saba jin ta wurin ƙuri'ar e ko a'a da ake yi kan tsarin mulki. "Canjaras" ba ta shiga ba sam, tunda akwai na gaba akwai na baya.

Wanda ya ce "zaɓe ya yi kwantai", Allah ya bar mu da kai, na yi dariya har na ƙware. Amma kwantai abin da ba a saya ba ne, wannan kuwa masu sayensa har turmutsutsu suke yi.

*

Yanzu ga sharhin da ya tsayar da ni. Wani malaminmu ya rubuto cewa a duba azumi. Wanda ya sha kwana uku saboda ciwo ko tafiya ba ya sake watan duka, ukun nan zai rama, kwanakin da ya yi suna nan a matsayinsu. Ya ce a kira shi "zaɓen ramuwa".

Allah shi gafarta Malam, a ma'ana ba wanda ya kai ka kusa. Ka kama jijiyar abin: na baya bai ɓaci ba, giɓi kawai ake toshewa. Tsorona ɗaya ne, kuma na san kai ma ka san shi. Ramuwa tana da fuska biyu. Ka ɗauka an wayi gari rediyo na cewa "ran Asabar za a yi zaɓen ramuwa a Kebbe", yaran da aka fasa wa kai makon jiya suna saurare. Ba azumi ne zai faɗo musu a rai ba. Kalmar da za a riƙa faɗa a ranar da gari ya yi zafi ba a so ta zo da sanda a hannu.

Amma hanyar da Malam ya buɗe ita na bi na iske tawa. Wanda ya zo masallaci ya tarar liman ya yi raka'a biyu, in an sallame me yake yi? Tashi yake ya kawo ciko. Ka je kasuwa ka ɗauki buhun gero, ka ba da abin da ke aljihunka, me ya rage? Ciko. Mai awo ya zuba maka tiya tara maimakon goma, me za ka koma karɓa? Ciko. Ko'ina ka ji kalmar nan ka san akwai wani abu a ƙasa wanda ake ɗorawa a kai, kuma ba mai karɓar ciko ya ce a fara ciniki daga farko. Saboda haka ɗan zaɓen da ake komawa a yi, ni dai "zaɓen ciko" na ce.

Halin da zaɓen ke shiga kuwa, ba sai mun ƙera komai ba, tana bakinmu tun fil azal: da saura. "Yaya zaɓen gwamna?" "Da saura." A rubuce sai a ce zaɓe mai saura. Baturen zaɓe ya ce zaɓen Sakkwato da saura, za a yi ciko a rumfa kaza ranar kaza.

Yaya, na ga ƙorafinki cewa ciko da cike gurbi 'yan ɗaki ɗaya ne, kunne zai iya haɗa su, kuma kin fi son "ƙarashen zaɓe". Gaskiyarki, tushensu guda. Ƙarashe ma Hausa ce tsaf, wanda ya rubuta ta ba zan ja da shi ba. Abin da ya sa ban ɗauke ta ba shi ne, ƙarashe yana nuna lokaci ne kawai, an fara an tsaya an ci gaba. Ciko kuwa lissafi yake nunawa, wato za a haɗa wannan da wancan, kuma haɗawar nan ita ce mutane ba su gane ba. Sannan ki tuna 'yan siyasarmu. Ki ba su "ƙarashe", gobe ki ji ana shela a bayan mota cewa a fito a ƙarasa shi.

Masu cewa a bar inkonkulusib yadda take tunda ta riga ta zauna, kamar yadda mota da tebur suka zauna, ban ƙi ba a wurin raha. Bambancin shi ne mota kana ganinta, ko da wane suna aka kira ta ka san mece ce. Wannan kuwa ƙa'ida ce, ba a ganinta, sunan ne kaɗai zai gaya maka yadda take aiki. Kuma ba abin da ya wuce ba ne. A 2019 jihohi shida suka shiga wannan hali a zaɓen gwamna: mu, Kano, Bauchi, Adamawa, Filato da Binuwai. A 2023 Kebbi da Adamawa suka shiga, mu kuma kujerunmu uku na sanata sai da aka koma ranar 15 ga Afrilu kafin a san masu su.

*

Jiya bayan la'asar na kai wa Inna kalmomin, don ita ce kotun ƙolina a wannan shari'a. Tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, "Inna, in anka ce miki zaɓe da saura, za a yi ciko, mi kinka fahimta?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wasu ba su jefa ba, za su jefa a haɗa da namu." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tara a tafin hannu, sannan ta ce, "To mu da munka riga munka jefa, ba mu komawa layi ke nan?"

Na ce a'a, sai in rumfarku na cikin waɗanda anka soke.

Ta ce, "Madalla. Gwiwata ba ta son layin ga."