Kyautar ƙarshen shekara don karatun 'yan mata: inda aka tsaya

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa kan yadda mazauna Ingila za su ba da kyautar lokacin Kirsimeti don tallafa wa karatun 'yan mata a wasu ƙasashe.

1. Kusan kowa ya ce a aika kuɗi, ban da kaya. Abin da jigilar kwalin littattafai za ta ci, gara a saya wa yarinya kayan makaranta, takalmi da audugar mata a kasuwar garinsu.

2. CAMFED, ƙungiyar agaji mai tallafa wa karatun 'yan mata a Afirka, aka fi ambata. Ta fara a Zimbabwe a 1993, kuma tana aiki har a arewacin Ghana. Wasu sun fi karkata ga Asusun Malala, saboda 'yan matan Afganistan da aka hana shiga sakandare tun 2021.

3. Mai biyan haraji a Ingila kada ya manta da Gift Aid, tsarin da gwamnati ke mayar wa ƙungiyar agaji harajin da aka biya kan kuɗin kyautar: fam 4 sai ta zama fam 5, ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

4. Kan zakka aka rabu. Wasu sun ce ta halatta tunda talakawa ne ke amfana, wasu suka ce sai an tabbatar wa zai karɓa, in ba haka ba a ba da sadaka kawai. A ganina wannan sai malamai.

5. Kaɗan-kaɗan duk wata ya fi dunƙule ɗaya a Disamba, don kuɗin makaranta kowane zango ake nemansa.